Ranar da Muka Juya Eriyar Goggo

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce muka tashi daga Dutse, ni da wani abokina mai gyaran talabijin. Injiniya zan riƙa ce masa a labarin nan, don haka yake so a kira shi, in ba ka kira shi haka ba sai ya yi kamar bai ji ka ba. A bayan mota akwai jakar kayan aikinsa, da naɗin waya, da wata sabuwar eriya da ya ce mu tafi da ita ko da ta can ta lalace. Wani ƙauye muka nufa gaba da Jahun, gidan Goggona, ƙanwar mahaifina. Waɗanda suka ga hoton ƙafata cikin taɓo suka dame ni da tambaya, to ga labarin, ku ƙyale ni haka.

Sai na fara da dalilin tafiyar. Goggo tana da 'yar fari, wadda muke kira Adda. Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake ni ban taɓa kora ko ɗan maraƙi ba, kuma kun san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Ana yaye Adda aka kawo ta gidanmu, mahaifiyata ta riƙe ta, tare muka tashi. Goggo ba ta taɓa kiran sunanta ba. In za ta yi maganarta sai ta ce "waccan", ko ta ce "ta Dutse". In Adda ta je gaishe ta, Goggo kau da kai take yi, ta amsa a taƙaice, ta ce a kai baƙuwa ɗakin matar Auta ta huta. Ita ma Adda "Goggo" take ce mata kamar yadda muke cewa. Kunya ce, ba ƙiyayya ba, duk wanda ya tashi a cikinta ya sani. Amma sanin bai hana abin ya ci wa mutum rai wani lokaci ba, kuma ni na sha ganin Adda ta dawo daga ƙauyen nan ta yi shiru har mu iso gida.

Adda malamar makarantar 'ya'yan makiyaya ce. Ta shekara da shekaru tana bin rugage a kan babur, da alli a jaka, har furfura ta fara fito mata. Sai ga shi gidan talabijin sun gayyace ta wani shiri na kai tsaye, ranar Asabar da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ta yi bayanin aikinta da Hausa da Fulatanci. Ranar Laraba ta zo gidana, ta sha ruwa, ta tambayi yara, ta yi ta kewaye-kewaye. Sai da ta sa takalmi za ta tafi ta ce, "Na ji an ce talabijin ɗin Goggo ba ya kamawa. In ka sami sarari ka leƙa. Amma kada ka ce ni na ce." Washegari kuma Auta, ƙaramin ɗan Goggo da ke zaune da ita, ya kira ni ya ce Goggo ta tambaye shi har sau uku ko akwatin nan ba zai gyaru kafin Asabar ba, wai tana son jin wa'azi. Goggon da rediyonta ba ya rabuwa da gefen matashinta! Na ce masa na ji, ya ce wa Goggo wa'azi yana nan tafe.

Goggo ta karye a ƙugu bara, ba ta iya zaman mota, saboda haka maganar a kawo ta Dutse ba ta ma taso ba. Wani zai ce ai sai a ɗauki shirin a waya a kai mata daga baya. Wanda ya faɗi haka bai san Goggo ba. Ka miƙa mata waya ka ce ga 'yarki? Ko inda wayar take ba za ta kalla ba. Dole abin ya shigo ɗakin da kansa, kamar ba don ita aka kunna ba. In bai shigo a ranar ba, to ta rasa ke nan.

Muna fita daga gari duwatsun nan suna baƙi-baƙi, gari bai gama wayewa ba, Injiniya ya nuna min dogon ƙarfen gidan talabijin, mai jar fitila tana ƙiftawa a samansa. Ya ce in kalle shi da kyau, shi za mu je nema daga can. Daga nan ya buɗe min karatu. Ya ce a da talabijin yana da kara, in sigina ta yi rauni sai ya ba ka hoto mai yayyafi, ka ga mutum kamar yana cikin ruwan sama amma dai ka gane shi. Wannan sabon tsarin na dijital kuwa, mai ɗan akwatin dikoda, ba ruwansa da kowa: ko ya ba ka hoto tas, ko ya hana ka gaba ɗaya. Na ce ashe halinsu ɗaya da Goggo. Bai yi dariya ba, Injiniya ba ya dariya a bakin aiki.

Hanyar Shuwarin zuwa Kiyawa lafiya lau take, daga Kiyawa zuwa Jahun ma ba laifi, sai ɗan ramuka da ruwan bana ya bari. Abin da ya faranta min rai shi ne gonaki. Kaka ta yi. Gero an kwantar da shi, wasu har sun fara ɗaure dami, dawa kuma tana tsaye ta sunkuyar da kai. Ga riɗi an jingina shi tsibi-tsibi yana shan iska. Tun kafin rana ta fito mutane sun cika gefen titi da lauje a kafaɗa, wasu a kan keke, wasu a amalanke. Mu da muke zaune a ofis muna kukan tsadar kwanon gero ya kamata a riƙa fito da mu muna ganin irin wannan, ko hankalinmu ya kwanta.

A Jahun muka karya. Mai kokon da muka tsaya wurinta kokonta ya yi tsami daidai, amma ƙosan, jama'a, ƙosai ya rame. Na ɗari biyu da a da kake ci ka bar saura, yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Na yi mata ƙorafi, ta ce in je in tambayo kuɗin wake da mai in dawo mu yi magana. Ban koma ba. Muna zaune adaidaita suna ta wucewa wajen asibiti, cike da mata da tabarmi da kulolin abinci na masu jinya. Injiniya ya ce sai mun sayi dogon fayif na ƙarfe da za a ɗora eriya a kai, shi kuma mai shagon ƙarfe bai buɗe ba sai wajen tara. Duk sammakon da muka yi a kan bencin mai koko ya ƙare. Da ya zo muka sayi fayif ɗin, muka ɗaure shi a saman mota da igiya, ya leƙo gaba ya leƙo baya.

Daga Jahun muka bar kwalta. Hanyar burji ce da farko, daga baya ta koma ta amalanke, kuma an yi ruwa kwana biyu da suka wuce. A wani kwari na ga ruwa kwance, Injiniya ya ce in bi ta dama, na ce ni na san hanyar garinmu, na bi ta hagu. Motar ta shiga ta zauna. Na ba ta wuta ta ƙara zama. Nan na fito na nutse har ƙwauri, nan kuma Injiniya ya ɗauki hoton da kuka gani, kuma a nan ne na fara ganin haƙoransa. Mun fi awa ɗaya a wurin kafin wasu bayin Allah biyu su zo da amalanken shanu za su ɗebo gero. Suka kwance bijiman, suka ɗaura wa motar igiya, ɗayan ya yi musu magana a hankali, sai ga mota ta fito tana zubar da laka. Na yi musu godiya na kawo ɗan abin goro suka ƙi karɓa. Da suka ji gidan da za ni, babban ya ce in gaida Goggo, ita ta taɓa yi wa saniyarsa maganin kumburi.

Rana ta kusa tsaka muka shiga ƙauyen. Goggo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafar da ta karye, da faifan gyaɗa a cinyarta tana ɓarewa. Na durƙusa na gaishe ta, muka yi gaisuwar nan mai tsawo, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya, da maƙwabtana da ba ta taɓa gani ba. Mutum ɗaya ce ba ta tambaya ba. Sannan ta ce me ya kawo ni. Na ce hanya ce ta biyo da mu. Ƙauyen nan kuwa hanya ba ta wuce shi, daga shi sai fadama. Ta ce madalla, Allah ya kai mu inda za mu lafiya. Matar Auta ta kawo fura da nono mai kauri a ƙwarya, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki, na sha har na manta da ƙosan Jahun.

Injiniya ya shiga ɗakin Goggo ya duba kaya. Sola tana aiki, batir ya cika, dikoda lafiyarta ƙalau, waya ba inda ta yanke. Talabijin ɗin dai shuɗi yake nunawa kawai. Ya fito tsakar gida ya ɗaga kai ya kalli eriyar da Auta ya ɗaure a jikin gora a kusurwar danga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi Auta ina ta fuskanta.

Auta ya ce, "Gabas mana."

"Don me gabas?"

"Yo ina za ta kalla? Ka je gidan mai gari, ka je gidan kallon ƙwallo, duk farantansu gabas suke kallo. Ni har da liman na tambaya ya nuna min saitin daidai."

Injiniya ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Ya yi masa bayani cewa farantan nan tauraron ɗan adam suke nema a sama, ita kuwa wannan eriyar ba ruwanta da sama, dogon ƙarfen nan na Dutse take nema, kuma dole ta kalle shi ido da ido. Wata uku ke nan tana ba Dutse baya. Ni ban ga laifin Auta ba, in gaya muku gaskiya. A garin da aka saba duk abin kirki gabas ake fuskanta da shi, wa zai kawo a ransa cewa akwai abin da sai an juya shi yamma?

Bayan mun dawo daga sallar azahar aka shiga neman Dutse. Nan ne abin ya zama abin dariya. Na ciro waya zan buɗe taswira, babu sabis ɗin intanet ko ɗigo. Auta ya nuna bakin hanyar da ake fita da mota, wadda ni na san sai ta yi gabas tukuna kafin ta karkato. Wani maƙwabci da ya shigo ganin baƙi ya nuna kudu sak, ya rantse. Ni kuma, mutumin Dutse, da na fito daga cikinta da safen nan, na juya na juya na nuna wajen masai. Injiniya yana riƙe da eriya yana bin hannun kowa, matar Auta tana ɗaki tana kallon wata 'yar sanda a fuskar talabijin da aka ce mata in ta cika to an samu. Sandar ko motsi ba ta yi ba. Lokaci yana tafiya, ni kuma raina ya fara ɓaci, na fara yi wa Auta faɗa a kan abin da ba laifinsa ba.

Sai muka ji muryar Goggo, ba ta ko ɗago kai daga faifanta ba.

"Dutse kuke nema? Ga ta can. Tsakanin tsamiyar nan da rumbun Malam."

Da leɓe ta nuna. Injiniya ya kalle ni, na ce ya gwada. Ya juya eriyar a hankali ya saita tsakanin tsamiya da rumbu, sai matar Auta ta ƙwala kira daga ɗaki cewa sandar ta motsa. Auta ya ce Goggo ya aka yi ta sani. Ta ce lokacin da suke tashi da shanu tana yarinya ta nan suke bi, duwatsun suna hannun hagu. Kowa ya yarda, aka yi ta mamakin ƙwaƙwalwar tsofaffi. Na dai lura da inda tabarmarta take. Ƙofar ɗakin kudu take kallo, amma tabarmar a karkace take shimfiɗe, mai zama a kanta tsakanin tsamiya da rumbun nan yake fuskanta. Na tuna ko bara da na zo duba ta haka na same ta a shimfiɗe, na ɗauka gudun rana ne.

Sandar ta motsa amma ba ta kai ba. Hoto ya zo ya farfashe gida-gida, ya tsaya cak, ya ɗauke. Injiniya ya ce bishiyoyi da ginin maƙwabci sun tare, sai an hau kan soron zaure an kafa fayif ɗin a can. Ya ɗauki tsani zai jingina, Auta ya riƙe masa hannu. Ku da kuka tashi a birni ba lalle ku san wannan ba. Wanda ya hau kan soron nan yana ganin tsakar gidan Malam, maƙwabcin Goggo, har madafa. A nan ba a hawa sama sai an nemi izinin mai gidan da za a leƙa, shi kuma ya sanar da iyalinsa. Ko mai yaɓe da damina ba ya tsallake wannan. Malam kuma yana gona tun safe.

Injiniya ya duba agogo ya ce minti biyar kawai zai yi, ba zai ko waiga ba. Ni ma zuciyata ta so in ce ya hau, uku ta wuce. Na kalli Goggo. Ta ce, "Ba a gidana ba." Ita ce ta fi kowa son abin nan a duk faɗin gidan, kuma ita ce ta hana. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Auta ya tayar da babur na hau baya. Gonar Malam tana bakin fadama, muka bi ta cikin karan gero yana dukan gwiwoyina. Mun same shi shi da 'ya'yansa manya suna ɗaurin dami. Dattijo ne siriri mai farin gemu, kuma ba ya gaggawa. Sai da muka gaisa sosai, ya tambayi Dutse, ya tambayi ko mun sami ruwa a can, ya ba ni labarin tsuntsayen da suka so cinye masa gona. Ina amsawa ina jin agogo a jikina. Da na faɗi abin da ya kawo mu sai ya yi murmushi. Ya ce ai duk ƙauyen nan ba wanda bai san abin da za a nuna yau ba, mutum ɗaya ce kawai ba ta sani ba, ita ce mai talabijin ɗin. Ya ajiye igiyar hannunsa ya ce da kansa zai je ya faɗa. Muka hau babur mu uku, ni a tsakiya.

Muna isa ana kiran la'asar. Muka yi salla, sannan Malam ya tsaya a ƙofar gidansa ya ɗaga murya: "Za a hau sama! A kimtsa, za a hau sama!" Na zaci matan gidan ɗaki za su shige. Ina! Kafin Injiniya ya taka matakala ta uku sun zuro hijabai sun fito ta ƙofar gida sun shigo na Goggo, da su da 'ya'yansu da wata tsohuwa mai sanda. Gidan da aka yi ta wahalar neman izinin leƙawa ya zama ba kowa a ciki sai kaji.

Soron ƙasa ne kuma ya sha ruwa, saboda haka Injiniya ta gefen katanga ya riƙa takawa. Ni na riƙe tsani, Auta yana miƙa fayif. Aka kafa shi aka ɗaure da waya ta kusurwa uku. Daga nan aka shiga aikin da ba zan manta ba. Injiniya yana sama yana juyawa kaɗan-kaɗan, matar Auta tana ɗaki tana kallo, ni ina tsakar gida ina isar da saƙo. "Ya zo!" in ce ya zo. "Ya tafi!" in ce ya tafi. Can matan gidan Malam suka karɓe aikin, suka riƙa faɗa baki ɗaya, har ba a bukatata. Sai na ji ɗakin ya ɗauki sowa gaba ɗaya. Injiniya ya ƙara ƙarfin ɗaurin, ya leƙo ƙasa ya tambaye ni ƙarfe nawa. Saura minti bakwai.

Aka taimaka wa Goggo ta shiga ɗaki, don ta ce rana ta iso tabarmarta. Ɗakin ya cika maƙil. Matar Auta ta gyara mata wuri a gaban talabijin, Goggo ta ce a'a, hasken yana sa mata ciwon ido, a juya ta. Aka zaunar da ita a bakin gado ta ba talabijin baya, ta fuskanci kabad ɗin kwanukanta, da faifan gyaɗa a cinya. Raina ya sosu, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a zuciyata duk taɓon nan da na shiga, a ce ƙeya za ta juya mana?

Aka fara shirin. Sai ga Adda, tas, kamar ka miƙa hannu ka taɓa ta, da shuɗin mayafi, ta haɗa hannuwa a kan tebur. Ta yi bayanin yadda ake bin iyalai in sun tashi, da yadda take shawo kan iyaye su bar yaro ya zo da safe ya yi kiwo da yamma. Wata yarinya a cikin matan gidan Malam ta ce, "Goggo, ga 'yarki!" Uwarta ta make mata baki. Goggo ta ce a rage mata surutu.

Ina tsaye a bakin ƙofa, daga nan ina ganin gefen fuskarta. Hannunta yana cikin faifai amma ba ya motsi. Sai na bi idonta. Kabad ɗin nan ƙofarsa ta gilashi ce, kuma matar Auta ta goge shi fes da safe, daga baya ta gaya min Goggo ce ta sa ta. A jikin gilashin, a kan jerin kwanukan samira, ga Adda nan zaune tana magana.

Wajen ƙarshe mai gabatarwa ya tambayi Adda wa ya sa ta a wannan hanya. Ta ce akwai wata tsohuwa a garinsu, da ta gama makaranta ta aiko mata da saƙo ta bakin wani, cewa wanda ya koya ya koma ya koya wa na daji. Ba ta faɗi ko wace ce ba, shi ma bai tambaya ba. Goggo ta yi tari ta ce a ba ta ruwa.

Ba mu jira magariba ba, saboda kwarin nan. Na je yi wa Goggo sallama ta koma tabarmarta. Na ce to ga wa'azi ya samu, ta ce Allah ya yi albarka, ya kai mu inda za mu. Ta sa aka saka mana gyaɗa da kwalbar man shanu a mota, Injiniya kuma aka ba shi zabuwa. Har na miƙe ta ce in dakata. Ta kama munduwar azurfar da ke hannunta, wadda tun ina yaro nake ganin ta da ita, ta yi ta murɗawa har ta fita. Ta ƙulle ta a gefen wani tsumma ta miƙo min, idonta yana wajen tsamiya.

"Ka kai wa waccan. Na ga hannunta wayam a gaban mutane, kamar wadda ba ta da uwa."

Na karɓa da hannu biyu. Na sa shi a aljihu.

A dawowa na bi ta dama a kwarin, muka wuce lafiya, Injiniya bai ce uffan ba, wanda ya fi min ciwo a kan ya yi magana. Zabuwar ta yi mana kuka tun daga Jahun har Kiyawa. Muna gangarowa Dutse na hango jar fitilar nan tana ƙiftawa, na ji kamar in ɗaga mata hannu.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa, amma zai yi muku amfani. In kun kai wa tsofaffinku dikoda a ƙauye, kada ku ajiye ku juyo. Ku tabbata eriya tana kallon inda tashar take, ba inda farantin maƙwabci yake kallo ba, ku ɗaga ta sama, ku nemi izini kafin ku hau. In kun rasa saiti kuma ku bar waya a aljihu ku tambayi wanda yake da wani nasa a can, shi ya san wajen. Na kuma ga cewa abin nan yana isa ƙauye da kyau in an bi shi yadda ya kamata, don Auta ya kira ni jiya ya ce gida huɗu sun juya tasu eriyar, duk sun kama.

Ranar Lahadi da hantsi na je gidan Adda. Na same ta tana shanya. Muka gaisa, na ce shiri ya yi kyau. Ta ce to. Ta matse wani zane ta shanya, ta sake ɗauko wani, sannan ta ce, "An samu ya kama?" Na ce ya kama. Ta ce, "Ta gani?" Na ce ni dai baya na ga ta juya masa. Ta gyaɗa kai kamar dama abin da take jira ke nan. Sai na ciro tsumman na ba ta, na faɗa mata saƙon yadda aka faɗa min, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta kwance ƙullin. Munduwar ta yi mata kaɗan, sai da ta shafa kumfar wanki a hannu ta tura ta da ƙarfi ta shiga. Daga nan ta juya min baya ta fuskanci igiyar shanya, ta daɗe a haka. Tsakar gidan Adda babu kabad mai gilashi, saboda haka ban ga fuskarta ba. Na ɗauki takalmina na fita a hankali.